Ni da In'ina da Akwatin Agaji

Da in'ina na tashi. Umma ta ce tun ina ɗan shekara huɗu aka lura harshena yana sarƙewa a farkon kalma, aka yi ta cewa zai sake in na girma. Bai sake ba. Har yau da furfura ta fara fito mini a gemu, in na ɗaga waya sai na ja numfashi kafin sallama ta fita. Masana sun ce kusan mutum ɗaya cikin 100 na manya yana fama da ita, kuma maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba. Lokacin da na shiga sakandare ban san haka ba. A ganina ni kaɗai aka jarraba a duk faɗin makarantar.

Mai in'ina gwanin ɓuya ne. Na san kujerar da idon malami ba ya yawan kaiwa. Na iya sunkuyar da kai ina rubutun ƙarya da zarar an jefo tambaya. In ana karatu bi da bi, nakan ƙirga mutanen da ke gabana in gano sakin layin da zai faɗo kaina, in yi ta bitarsa a zuci, amma da an zo kaina sai kalmar farko ta tsaya a wuya. Dariyar yara tana da ciwo, sai dai wadda ta fi ta ciwo ita ce muryar malami mai tausayi da zai ce, "Ƙyale shi, na gaba." A takarda ina tsaka-tsaki, ba yabo ba fallasa. A baki kuwa ba a ma san ina ajin ba.

Makarantarmu tana da doka: ranar Laraba, da an kaɗa ƙararrawar darasin ƙarshe, ba mai tafiya sai an yi zaman ƙungiyoyi, kuma dole sunan kowane ɗalibi ya shiga takardar ƙungiya ɗaya. A makon farko siniyoyi suka jera tebura a baranda suna farautar sababbi. 'Yan muhawara su ne manyan gari, kofunan da suka ciyo jere a gabansu, baki ba ya hutawa. 'Yan wasan kwaikwayo sun sha ado da tsofaffin riguna suna ta ba mutane dariya. Ga 'yan jarida da allonsu na bango, ga 'yan kimiyya da wata 'yar fanka da suka haɗa da batir, ga 'yan Sikawut suna ta buga ƙafa. Ni lissafina ɗaya ne: ina ne ba za a ce in yi magana ba? Ƙungiyar matasa manoma na nufa, don shuka ba ta tambayar mutum komai, sai na tarar takardarsu ta cika. A can ƙarshen baranda akwai wani tebur, ba kofi ba hayaniya, sai farin akwati na katako da wata siniya tana naɗe bandeji. Na nuna takardar da yatsa, ta miƙo mini biro. Haka na shiga ƙungiyar agajin gaggawa ta Red Cross, kuma mafaka na je nema.

Malamar da ke kula da mu ita ce mai koyar da ilimin halittu, 'yar ƙaramar mace mai tabarau wadda ba ta ɗaga murya ko an ɓata mata rai. Ba ta fara mu da jawabi ba. Ta raba mana ƙyallaye masu kusurwa uku ta ce kowa ya rataye hannun na kusa da shi. Daga nan muka shiga naɗin targaɗe, da tallafe karaya yadda ƙashi ba zai motsa ba, da danne rauni har jini ya tsaya, da kwantar da wanda ya suma a gefensa don kada ya shaƙe. Abubuwa da yawa da muka zo da su a ka, ta sa muka zubar. Mai haɓo, alal misali, duk mun saba a ce masa ya ɗaga kai sama. Ita ta ce ya karkato gaba, ya matse taushin hancinsa minti 10 zuwa 15, don in ya ɗaga kai jinin maƙogwaro yake bi ya sauka ciki ya tayar masa da zuciya. Hannuna ya kama aikin nan da wuri. Ƙullina ba ya zamewa, naɗina ba ya matsewa har yatsa ya yi sanyi. Rannan Malama ta ɗaga hannun abokina da na naɗe ta ce wa sauran, "Ku zo ku ga yadda ake yi." Ba a taɓa nuna wani abu nawa a makarantar nan ba kafin ranar.

Matsalar farko daga gida ta ɓullo. An ba mu wani farin ƙyalle na ɗaurawa a dantse mai alamar jan kuros, na wanke shi lokacin hutu na shanya, Baba ya gani. Ya kira ni ya ce, "Kai, mene ne wannan? Karatu na tura ka ko yawo da alamar wani addini?" Na buɗe baki, kalma ta ƙi fita, na tsaya ina ta kokawa da ita har ya gaji ya ce in ɗauke abin kada ya sake gani. Baba ba mai zafi ba ne, amma dama can bai ga amfanin ƙungiyoyin nan ba. A wurinsa duk abin da ba a yin jarrabawa a kansa wasa ne.

Da muka koma na rubuta wa Malama takarda cewa zan fita. Ta karanta ta ninke, ta ce, "Zauna tukuna. Tambayar mahaifinka tambaya ce mai kyau, kuma ba shi ya fara yin ta ba." Ranar ba mu taɓa bandeji ba, tarihi ta ba mu. Ta ce a ranar 24 ga Yuni 1859 aka gwabza yaƙi a Solferino, a arewacin Italiya, sojojin Faransa da na Sardiniya a gefe guda, na Ostiriya a ɗaya gefen, kuma a yini ɗaya kimanin mutum 40,000 suka mutu ko suka jikkata. Wani ɗan kasuwa ɗan Suwizalan mai suna Henry Dunant ya iso wurin da yamma. Shi ba agaji ya kawo shi ba, Sarki Napoleon na Uku yake nema kan wata harkarsa ta kasuwanci a Aljeriya. Da ya ga masu rauni zube ba mai kula da su, sai ya tara matan garin Castiglione suka shiga wanke raunuka da ba da ruwa, ba su tambayi kowa ɓangaren da ya yi wa yaƙi ba. Ya koma gida ya rubuta abin da ya gani a 1862, aka kafa kwamitin mutum biyar a Jeniba a 1863, aka sa hannu a Yarjejeniyar Jeniba ta farko a 1864. Alamar kuwa launin tutar Suwizalan ce aka juya: tutar farin kuros ce a kan ja, ta agaji jan kuros a kan fari, don soja ya hango daga nesa ya san ba a harbin wannan. Duk da haka, in ji ta, Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta ce sojojinta Musulmi ba su saki jiki da alamar ba, sai ta ɗauki jan jinjirin wata a 1876, kuma a 1929 aka amince da shi a hukumance. Shi ya sa har yau ƙasashe da yawa suke da Red Crescent, aiki ɗaya, ƙa'idoji ɗaya.

Na ɗauka za ta rubuta wa Baba wasiƙa. Ta ce a'a, ni zan je in faɗa masa da bakina. Na haddace shekarun nan fiye da yadda na taɓa haddace wani darasi. Da hutu ya zagayo na same shi bayan sallar isha'i na ce, "B-Baba, ina son in yi muku bayani." Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da na ɗauka daga Solferino zuwa jinjirin wata. Gumi ya jiƙe mini riga. Abin da ba zan manta ba shi ne Baba bai ƙarasa mini kalma ko ɗaya ba, bai kau da kai ba, bai yi gyaran murya ba; sai mai in'ina ya san girman wannan kyauta. Da na gama ya yi shiru, can ya ce, "To, in alamar asibiti ce ba laifi. Amma ranar da na ga sakamakonka ya sauka, ka gama da su."

A aji huɗu muka kai ga farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Ba mu da mutum-mutumin roba irin na cibiyoyin horo, sai wani tsohon matashin kai da aka cusa wa tsumma ya yi tauri, aka zana masa tsakiyar ƙirji da tawada. A zamaninmu danna 15 ake yi a hura iska sau 2. A 2005 aka mayar da ƙa'idar 30 da 2, kuma yau ana koyar da danna 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba. Dokar Malama ita ce mai danna ya ƙirga da ƙarfi kowa ya ji. Da aka zo kaina gabana ya faɗi, amma ba hanyar zillewa. Na durƙusa, na ɗora hannu bisa hannu, na miƙar da gwiwar hannu, na fara. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na kai goma sha biyar, na sake zagayowa, na ƙara. Sai da na ɗago na ga ɗakin ya yi tsit, kowa ya zuba mini ido. Lambobin da suka saba shaƙe ni a ajin lissafi duk sun wuce sumul.

Malama ba ta yi wani biki a kai ba, ta kira na gaba. Sai da aka watse ta ce, "Ka ji kanka ɗazu?" Ta yi mini bayani cewa masu in'ina da yawa harshensu yana sakewa in magana ta hau kan bugu, ko suna rera waƙa, ko suna faɗin abu tare da jama'a baki ɗaya. Ta ce ita ba likitar magana ba ce, kada in ɗauka na warke, amma tunda ta gano wannan ƙofa ba za ta bari ta rufe ba. Daga ranar ta mayar da ni mai ba da umarni in za a ɗauki marar lafiya. Mutum huɗu ne ke riƙe gadon ɗauka, in ba su tashi a lokaci guda ba sai a karkatar da mai karaya a ƙara masa ciwo, don haka dole murya ɗaya ta ce, "A shirya. Ɗaga. Tafi." Ta kuma koya mana cewa in abu ya faru cikin taro kada mu ce "a taimaka", don kowa zai jira wani, mu nuna mutum ɗaya da yatsa mu ba shi aiki ɗaya. Gajerun maganganu ne masu bugu, irin waɗanda bakina yake iya ɗauka.

A wannan shekarar ta damƙa mini makullin akwati da littafinsa, aikin da ba wanda ke so. Ko filasta ɗaya ta fita sai an rubuta kwanan wata, da abin da aka ɗauka, da wanda aka yi wa amfani da shi, da abin da ya rage. Ƙarshen wata a zazzage akwatin a ƙirga auduga da bandeji da safar hannu, a duba ranar lalacewar kowace kwalba, a jawo masu kusan lalacewa gaba don a fara amfani da su. In lissafi bai daidaita ba Malama ba ta faɗa, sai dai ta tura maka littafin ta ce, "Nemo." Na sha zama ni kaɗai ina neman inda naɗin bandeji guda ya shige, ina jin ihun 'yan ƙwallo daga fili.

Abin da ya sa aka san ni a makarantar ya faru ne ina aji biyar, a taron safe na wata Litinin. Ana cikin sanarwa sai wani yaro ɗan aji ɗaya ya yi wata ƙara ya faɗi, jikinsa ya sandare, sannan ya shiga fizga. Kan ka ce kwabo layi ya tarwatse. Wasu na ihu, wasu na cewa kada a taɓa shi, wai yawun mai farfaɗiya yana harbin mutum. Malamai suna can gaba, taron ya tare musu hanya. Sai ga firfet na ladabtarwa, wanda ko inuwarsa 'yan ƙananan aji ba sa son takawa, ya keto da cokali a hannu zai ɓamɓare haƙoran yaron, wai don kada ya haɗiye harshensa.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na ji dai muryata ta ce, "Siniya, kada ka sa! Ja baya!" Ya tsaya da cokalinsa yana kallona, don a tsarin makaranta ɗan aji biyar ba ya ɗaga wa firfet murya ya kwana lafiya. Na tuɓe rigar sanyina na cusa ƙarƙashin kan yaron, na ɓalle masa maɓallin wuya, na ture bencin da ƙafarsa ke dukan sa. Na nuna wata yarinya mai agogo: "Ke, duba lokaci." Na nuna wani dogo: "Kai, kira Malama." Ban danne shi ba, ban sa masa komai a baki ba, ban bari a watsa masa ruwa ba. Jira kawai ake yi, kuma jiran nan shi ne mafi wuya a duk aikin, don idanu sun fi ɗari a kanka suna ganin ka durƙusa ba ka yin komai. Fizgar ba ta kai minti uku ba ta lafa. Na juya shi kan gefensa, na share masa baki da hankicina. Fitsari ya kuɓuce masa, sai na sa 'yan ƙungiyarmu biyu suka tsaya suka kare shi daga idon mutane. Da ya buɗe ido bai san inda yake ba, ya fara neman tashi. Na sunkuya zan kwantar masa da hankali, sai ga in'ina ta dawo da ƙarfinta. "K-k-kada ka ji tsoro," na ce, "k-kana makaranta." Haka na yi ta lallaɓa shi da karyayyen harshena har Malama ta iso.

Firfet bai yafe ba. A makon ya samo mini laifin da ban san na yi ba ya ba ni noman ciyawa. Malama ba ta sa baki a wannan ba. Ta ce in yi noman, ita wani abu take nema. Ta je wurin shugaban makaranta ta roƙi minti goma a taron safe, ta kuma haɗa mu da sauran ƙungiyoyi. 'Yan wasan kwaikwayo suka shirya ɗan gajeren wasa, wani shaƙiyyi a cikinsu ya fito da ƙaton cokali aka yi ta dariya, har shi firfet ɗin ya murmusa da ƙyar. 'Yan jarida suka ba ni fili a allon bango, na rubuta da hannuna cewa farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa take, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, mutum ba ya iya haɗiye harshensa, cokali haƙori yake karyawa, kuma in fizga ta wuce minti 5 ko ta sake dawowa kafin mutum ya farfaɗo, a garzaya asibiti. Daga baya na ga alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: kimanin mutum miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in sun samu magani daidai. Iyayen yaron sun zo da niyyar cire shi daga makaranta. Malama ta zauna da su ta lallashe su suka kai shi wurin likita, aka ɗora shi a kan magani, ya kuma gama karatunsa. Ba kowa ne wasan ya sauya ba. Har muka fita akwai waɗanda ba sa zama benci ɗaya da shi, ni ma wasu sun ɗan ja jiki da ni don na taɓa yawunsa.

Kada a ɗauka duk abin da ke cikin ƙungiyoyin nan alheri ne. Akwai waɗanda ba a ganinsu sai ranar ɗaukar hoto da ranar raba takardar shaida. Akwai siniyoyin da suka mayar da zaman Laraba wurin aiken yara. Kayan sawa na ƙungiya sun hana wasu shiga, don ba kowane gida ke iya ɗinka ƙarin riga da hula ba, kuma ba na tuna makaranta ta taɓa damuwa da wannan. Gata ma ba daidai ake raba shi ba: 'yan muhawara ake ba motar makaranta, su ake kira gaban taro, mu kuwa ranar gasar wasanni muna bakin fili cikin rana muna ɗauke masu suma. Tsakaninmu da 'yan Sikawut kuma kullum ana 'yar tsama kan wanda zai shiga gaba a fareti. Su ce sun fi mu iya taku, mu ce ai tamu ta girmi tasu, don sai a 1907 Baden-Powell, wanda ya kafa Sikawut, ya kai yara 20 zango a tsibirin Brownsea na Ingila, lokacin tamu ta haura shekara arba'in. Su ne dai ke shiga gaban, gaskiya kuma sun fi mu iya takun.

Baba bai taɓa ce mini ya sauya ra'ayi ba, ba halinsa ba ne. Wani hutu ruwan zafi ya zuba wa ƙanwata a hannu, gida ya rikice, wata maƙwabciya ta rugo da man goge baki za ta shafa. Na ce, "Umma, ku bar ni da ita," na kai ta bakin famfo na riƙe hannun cikin ruwan sanyi tana kuka ina ƙirga mata. Yau ƙa'idar minti 20 ce. Baba yana tsaye yana kallo bai ce uffan ba. Ranar da zan koma makaranta ya kwance agogonsa mai hannun daƙiƙa ya ajiye a kan jakata, ya ce, "Na ji an ce aikin naku yana buƙatar wannan."

A shekararmu ta ƙarshe aka kawo sabon shugaban makaranta, ya soke wa 'yan aji shida zaman Laraba ya mayar da shi darasin share fagen jarrabawa. Na fahimci abin da yake tsoro, sakamako ake tambayarsa ba fareti ba. Amma yaran da suka gaji tun safe ba wani abin kirki suke ɗauka a awa ta tara ba, rabinmu gyangyaɗi muke yi. Abin da aka yi asara kuwa ba ya fitowa a kowace takarda: waɗanda suka fi iya aikin aka janye a daidai lokacin da ya kamata su koya wa na ƙasa. Ni a lokacin hutun rabin rana na riƙa zama da wata 'yar aji huɗu ina nuna mata littafin akwati, har na miƙa mata makulli.

Mutane kan ɗauka likita na zama ko nas. Sakamakona bai kai nan ba, kuma ko da ya kai, ba jini ne ya ja ni ba. Fannin kula da kaya da sito na karanta. Ranar ganawar neman aiki, ɗaya daga cikin masu tambaya ya ce in gaya musu yadda zan hana magani lalacewa a kan kanta. Na yi in'inata son raina, amma amsar tana hannuna tun ina ɗan shekara goma sha shida: a ƙirga, a rubuta, mai kusan lalacewa ya fara fita, in lissafi ya ƙi a nemo. Da wannan aikin na yi aure, da shi nake riƙe iyali, alhamdu lillahi. Sito na magunguna na wani asibiti nake kula da shi, kuma duk kwamfutar da aka kawo mana ba ta zo da wata ƙa'ida da babu ita a littafin Malama ba. Ita Allah ya yi mata rasuwa ban samu na gaya mata inda littafin ya kai ni ba. Allah ya jiƙanta da rahama.

A bara, a taron iyaye da malamai na makarantar da babban ɗana yake, aka kawo shawarar a soke lokacin ƙungiyoyi gaba ɗaya a sa ƙarin darasin lissafi da Turanci. Yawancin iyaye sun goyi baya, kuma ban ga laifinsu ba, kowa tsoron jarrabawa yake. Wata uwa, lauya ce, ta tunatar da taron cewa Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 31, ta ba yaro haƙƙin hutu da wasa da shiga harkokin fasaha. Aka saurare ta cikin ladabi, ba wanda ya motsa. Ni ma na miƙe na ba da labarin cokali, na tambaya ko akwai wanda ya san abin da ɗansa zai yi in na kusa da shi ya faɗi. An ɗan yi shiru, sannan wani uba ya ce ai wannan aikin nas ne. Na ce kafin nas ta iso daga ɗakin shan magani, cokalin ya riga ya shiga.

Ba mu yi nasara duka ba. Matsaya aka cimma: mako ɗaya ƙungiyoyi, mako ɗaya darasi, a gwada na zango guda a gani. Shugabar makarantar ta ce tunda ni na tayar da maganar sai in zo in taimaka, na kuwa amsa. Da aka buɗe mini akwatin agajinsu na tarar da almakashi ya yi tsatsa, safar hannu ta manne da juna, kwalbar wanke rauni ta lalace tun shekara biyu da suka wuce, littafi kuwa babu shi sam. Yara goma sha ɗaya suka rubuta suna, uku daga ciki sun gaya mini gaskiya cewa sauran takardun ne suka cika. Mun zazzage akwatin mun rubuta abin da babu, na kai wa shugabar takardar, ta ce in dawo bayan taron kwamitin kuɗi na wata mai zuwa.